Damin Malam Yunusu

Ranar Talata ta biyu a watan Mayu, da ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintoci, wata kotu a Tawa ta yanke hukunci cewa gonar da Kiristocin Tungar Baure suka shekara hamsin suna nomawa, suna kuma binne matattunsu a kusurwarta ta gabas, aro ce. Alƙali ya ce a mayar da ita ga jikan wanda ya ba da aron, wani ɗan kasuwa mai suna Abdurazak, wanda ya zo kotun shi kaɗai ba lauya.

Lauyar da ta sha kaye ita ce Metir Tina Yunusu, mai shekara arba'in, wadda ta taso takanas daga Yamai don wannan shari'a. Gonar hekta uku ce da rabi, a gabas da garin Affala. Akwai kaburbura goma sha huɗu a cikinta, ɗaya na mahaifin Tina. Shaidar da ta kayar da su daga bakin mahaifiyarta ta fito, kuma Tina ce ta yi tambayar.

Asalin maganar ya koma shekarar da ta biyo bayan babban fari na 1973. A shekarar ne Malam Yunusu, mai wa'azin bishara, ya sauka Tungar Baure da amaryarsa Maimuna da jaki ɗaya. Wani manomi mai suna Ciɗo ya kai shi wani tudu mai duwatsu da ba wanda yake so, ya nuna masa iyaka da sanda. Ba a rubuta komai ba. Yunusu ya shekara bakwai yana tsince duwatsu yana jera su layi-layi don su tare ruwa, har tudun ya zama gona. Gidajen Kirista suka kai tara a tungar. Da aka yi musu mutuwar farko suka haƙa kabari a kusurwar gabas, suka ci gaba da yin haka.

Ciɗo ya rasu, ɗansa ya rasu, Yunusu ma ya rasu shekara shida da suka wuce. Abdurazak kuwa ya shekara ashirin da biyu yana sayar da yadi a Abijan. Da ya dawo ya tarar an yi sabuwar hanyar mota ta gefen gonar, sai ya ce kakansa aro ya bayar. Maigari ya kasa sasanta su, sarki ma ya kasa, magana ta tafi Tawa.

Da Tina ta karanta takardun, ta ga shari'a ce mai sauƙi. Abdurazak ba shi da shaida ko ɗaya da ke raye. Su kuwa suna da Attahir, tsoho Musulmi mai shekara tamanin, wanda ya ce shi ne ke riƙe da igiyar jaki ranar da Ciɗo ya ce wa Yunusu, "Na ba ka." Attahir ya yarda zai yi alwala ya rantse da Alƙur'ani a kan haka. A shari'ar gona irin wannan, idan tsoho kamarsa ya dafa Littafi, magana ta ƙare.

Tina ta bar Tungar Baure tana da shekara bakwai, aka kai ta lakwal, wato makarantar boko ta kwana, daga nan jami'a. A Yamai an san ta. Tana kare mata da ma'aikatan da aka kora, ana gayyatarta rediyo da tarukan zaman lafiya tsakanin addinai. A irin waɗannan taruka tana da labari guda da take rufe jawabi da shi. Takan ce mahaifinta, duk kaka, kafin ya zuba komai a rumbu, sai ya ware damin hatsi mafi kyau ya aika gidan maƙwabcinsa Musulmi. Takan ce a majami'arsu ana kiran wannan nunan fari, wato farkon abin da gona ta bayar, kuma mahaifinta ya zaɓi ya kai nasa gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Ana tafa mata. Wata ƙungiya ta taɓa buga labarin a ƙasidarta da Faransanci.

Ranar da ta iso tungar an yanka mata rago. Muktari, dattijon majami'a, ya tsaya a gaban jama'a ya ce Ubangiji ya tayar musu da mai ceto daga cikin gidansu. Mata suka yi guɗa.

Ana gobe zaman kotu na biyu, da la'asar, Inna Maimuna ta same ta a gindin bishiyar bedi tana duba takardu.

"Tina, mi za ki tambaye ni gobe?"

"Ba wani abu mai wuya, Inna. Gaskiya kawai za ki faɗa."

"Duka?"

"Duka mana. Mu ba mu da abin ɓoyewa."

Tsohuwar ta ɗan tsaya kamar za ta ƙara magana. Wayar Tina ta yi ƙara, daga ofishinta na Yamai ne, ta ɗaga ta koma Faransanci. Da ta gama, mahaifiyarta ta riga ta shiga ɗaure awaki.

Ɗakin shari'ar ƙarami ne, fanka ɗaya ke aiki. Alƙali matashi ne, ba ɗan yankin ba. A damansa da hagunsa akwai dattawa biyu, waɗanda doka ta ce su zauna da shi a shari'ar gona don su faɗa masa abin da al'adar wurin ta tanada. Ana magana da Faransanci, tafinta yana mayarwa Hausa.

Abdurazak ne ya fara. Ba shi da hujja, sai ya yi ta zagaye. Ya ce mutanen nan baƙi ne, ba su cin abin da ake ci, ba su zuwa inda ake zuwa, shekara hamsin suna zaune a ƙasar kakansa ko gaisuwar kirki ba su taɓa kai wa gidansu ba. Alƙali ya katse shi sau biyu. A doka maganar ba ta da nauyin komai, Tina ta san haka. Amma ta ji zafinta, domin ita ce maganar da ta shekara goma sha biyar tana amsawa a rediyo. Attahir yana zaune a benci na gaba da butarsa a gefen ƙafa, shi ne na gaba a jerin shaidu. Tina ta roƙi kotu ta fara jin matar marigayi tukuna.

Inna Maimuna ta faɗi shekarar da suka zo, da yadda aka tsince duwatsu, da sunayen waɗanda ke kwance a kusurwar gabas. Ta faɗe su a jere ba ta tsallake kowa ba. Sannan Tina ta juya zuwa Hausa, don kowa ya ji kai tsaye.

"Inna, an ce ba ku taɓa kai gaisuwa gidan Ciɗo ba. Ki gaya wa kotu abin da Baba yake yi duk kaka."

Tsohuwar ta dube ta.

"Inna, zancen dami nake yi."

"Tina."

"Ki faɗa, Inna, ba abin kunya ba ne. Me Baba yake aikawa gidan Ciɗo?"

"Dami."

"Nawa?"

"Guda."

"Wata shekara a kai, wata a fasa?"

Inna Maimuna ta sauke kanta. Muryarta ta yi ƙasa har alƙali ya ce ta maimaita.

"Ba mu taɓa fasawa ba. Ni ka ɗauka da kaina, da sassafe. Da Ciɗo ya rasu, ina kai wa matarsa ɗaki. Shekara arba'in da huɗu, har ita ma ta rasu."

Tina ta juyo wajen alƙali don ta yi bayanin nunan fari. Tafinta bai gama fassara ba, amma dattawan biyu ba su bukatar tafinta. Na dama ya leƙa ta bayan kujerar alƙali ya dubi na hagu. Na hagu ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. A bayan ɗakin wani ya yi dariya ya danne. Abdurazak ya miƙe tsaye baki buɗe, domin shi kansa bai taɓa jin zancen damin ba. Yana Abijan, damin kuma ɗakin tsohuwa yake shiga.

Dattijon dama ya nemi izini ya yi magana. Ya ce a duk faɗin ƙasarsu ta Adar, wanda aka ba gona kyauta ba ya kai komai, sai dai godiyar baki. Wanda aka ara wa gona shi ke kai dami guda duk kaka ga mai ita, ba don hatsin ba, don kada 'ya'ya da jikoki su manta wa ke da ƙasar. Ya ce dami biyu ko biyar yana iya zama alheri, dami a shekarar yalwa yana iya zama sadaka, amma dami guda, kowace shekara, gida guda, sunansa ɗaya ne.

Tina ta yi magana na minti ashirin. Ta kawo ayar nunan fari, ta kawo dokar ƙasar noma, ta ce niyyar mai bayarwa ita ce abin dubawa. Alƙali ya saurare ta da ladabi. Ya tambaye ta ko sauran gidajen Kirista takwas suna kai nasu nunan farin gidan Ciɗo. Ta ce a'a, majami'a suke kaiwa. Ya rubuta.

Aka kira Attahir. Tsohon ya tashi a hankali, ya bar butarsa inda take.

"Ranka shi daɗe, na ji Ciɗo ya ce na ba ka. Da kunnena na ji. Amma ban san ana kai dami ba. In dami na tahiya gidan Ciɗo, to akwai maganar da sunka yi da ban ji ba. Ba ni dafa Littahi kan abin da rabinshi kaɗai na sani."

Ya juya wajen Tina. "Ɗiyar Yunusu, ki gafarce ni."

Hukunci ya fito bayan mako biyu. Alƙali ya ƙara da cewa, tunda damina ta matso, Abdurazak na iya noma gonar bana ko da an ɗaukaka ƙara. Hukuncin shafi huɗu ne, bai ambaci kaburbura ba, domin ba wanda ya shigar da buƙata a kansu. Tina ba ta shigar ba, saboda ba ta zaci za a kai ga nan ba.

A bakin ƙofar kotu, inda 'yan kabu-kabu ke jira, Abdurazak ya tare ta. Ya ɗan rusuna.

"Metir, Allah shi saka da alheri. An ce mini in ɗauki lauya, na ce ban da hali. Ashe Allah ya riga ya ɗaukar mini, tun daga Yamai."

'Yan kabu-kabu suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Alhaji, ka ba ta goro mana." Tina ta ninke baƙar rigarta ta saka a jaka, ta kama hannun mahaifiyarta suka tsallaka titi. Suka shiga motar Affala. Mutum goma sha takwas ne a motar, kuma kafin a fita gari kowa ya san ko su waye.

Washegari da hantsi ta sami Inna Maimuna tana sussukar hatsi a bayan gida.

"Inna, aro ne ko kyauta?"

"Kyauta ta. Ciɗo ya ce na ba ka, Attahir bai yi ƙarya ba."

"To me ya sa kuke kai dami?"

"Mu baƙi muke, kuma Kirista. 'Yan'uwan Ciɗo ba su so ba. Ubanki ya ce mu kai musu dami su riƙa ganin kamar tasu ta, su bar mu mu noma."

"Ya san yadda za a fassara shi?"

"Wa anka haifa cikin gona da bai sani ba? Shi ya sa nike kaiwa da sassafe."

"Amma ya ce mini nunan fari ne."

"Kina da shekara shida. Kin ganni da dami bisa kai kin tambaya. Mi kike so shi ce miki?" Ta ci gaba da daka. Can ta tsaya. "Na ji ki a rediyo kina faɗi, shekarun baya. Na ce wa ubanki shi hana ki. Ya ce ƙyale ta, da Faransanci take yi, mutanen nan ba su ji."

"Da kin gaya mini kafin mu shiga kotu."

"Na zo."

Ranar Lahadi majami'ar ta cika, har waɗanda suka daɗe ba su zuwa. Tina da mahaifiyarta suka zauna a bencinsu na kullum. Benci ne na mutum shida, su biyu suka zauna a kai har aka tashi. Muktari ne ya yi addu'ar jama'a. Ya roƙi Ubangiji ya tsare su daga ilimi mai kumbura kai, da tsufa marar riƙe harshe. Jama'a suka ce amin da ƙarfi. Bayan sujada, a bakin ƙofa, wata mata mai suna Sa'adiyya, wadda 'ya'yanta biyu ke kwance a kusurwar gabas, ta tsaya a gaban Tina.

"Metir, ni ban yi lakwal ba, ki fahimtar da ni. In zan je wajen ɗiyana yanzu, wa zan roƙa? Ke, ko Abdurazak?"

Tina ta ce za ta ɗaukaka ƙara, akwai hanya.

"Ki ɗaukaka. Amma wannan karon ki bar Inna gida."

Aka yi dariya. Inna Maimuna tana tsaye a wurin, tana neman ɗaya takalminta a cikin takalman jama'a.

Ruwan farko ya sauka a Affala ranar biyar ga watan Yuni. Abdurazak ya kawo 'yan ƙwadago goma sha biyu suka yi shuka cikin yini ɗaya. Bai taɓa kabari ko ɗaya ba, kuma ya tabbatar kowa ya ji haka. Ya bar taku ɗaya a kewayen kowane kabari, ya shuke duk abin da ya rage, har tsakanin kabari da kabari, har wurin da ke hannun daman Malam Yunusu, inda kowa a tungar ya san an bar wa matarsa. Ya kuma shuke turbar da ake bi a shiga. Da hatsi ya tsiro, mai son zuwa kusurwar gabas dole ya taka shukar mutum, kuma taka shuka laifi ne da maigari ke ci wa tara.

Tina ta koma Yamai ta shirya takardar ɗaukaka ƙara. Ta gina ta a kan kalmar Attahir da ke rubuce a kotu, cewa ya ji an ce na ba ka, da kuma shekara shida da ba a kai dami ba ba tare da gidan Ciɗo sun yi ƙorafi ba. Wani tsohon malaminta ya karanta ya ce ba ta da ƙarfi, amma tana iya tsayawa. Gonar da sunan magadan Yunusu take a shari'ar, don haka takardar tana bukatar yatsan Inna Maimuna. Tina ta dawo tungar ranar Alhamis. Wa'adin ɗaukaka ƙara zai cika Litinin.

Ta tarar an riga ta. Muktari da wasu dattawa biyu sun je gidan Abdurazak ba su gaya mata ba. Ya karɓe su da fura, ya yi musu tayi. Zai ara musu kusurwar gabas da turbar shiga, su ci gaba da binne nasu. Sharaɗinsa biyu ne: a bar zancen ɗaukaka ƙara, sannan duk kaka a kawo masa dami guda, da rana tsaka, ranar kasuwa, kuma matar Yunusu ce za ta ɗauko da kanta muddin tana iya tafiya. An rubuta haka a gaban maigari. Saura yatsanta.

Tina ta je gidan Muktari. Bai ba ta tabarma ba, a tsaye suka yi magana.

"Baba Muktari, in Inna ta sa yatsa a wannan takarda, kun amsa da bakinku cewa aro ne. Aro kuma ana karɓewa. Gobe ko jibi zai iya cewa ku daina."

"Mun sani."

"Kun sani, kuka yarda?"

"Matata na kwance tun watan jiya, ƙahwahunta sun kumbura. In ta tahi cikin daminar ga, ina zan kai ta? Yamai, ofishinki?"

"Ku ba ni wata shida."

"Mun ba ki gona duka."

Ya shiga gida ya bar ta a waje.

Da la'asar ta zauna kusa da mahaifiyarta ta yi mata bayanin takardun biyu, da Hausa, a hankali, ba ta tsallake komai ba. Ta gaya mata cewa ɗaukaka ƙara na iya ɗaukar shekara biyu, kuma ana iya sake faɗuwa, kuma in aka faɗi Abdurazak ba zai sake yin tayin ba. Ta gaya mata cewa ɗaya takardar za ta ba ta wurin da ke kusa da mijinta, a kan aro. Inna Maimuna ta saurara har ƙarshe.

"Ranar kasuwa ya ce?"

"Ranar kasuwa."

"Daga nan zuwa gidanshi sai an ratsa ta tsakiyar rumfuna."

"Haka ne."

Tsohuwar ta karɓi takardun biyu, ta naɗe su tare, ta saka cikin kwanon da take ajiye katin zaɓe da Littafi Mai Tsarkin mijinta, ta rufe. Ta ce kanta na ciwo.

Ranar Asabar Sa'adiyya ta zo ta zauna a ƙofar gidan yini guda. Ranar Lahadi Inna Maimuna ba ta je sujada ba, karo na farko tun rasuwar mijinta. Muktari ya aiko a tambaya sau biyu, aka ce tana kwance.

Motar farko daga Affala zuwa Tawa tana tashi ƙarfe bakwai, ofishin magatakardan kotu kuma yana rufewa ƙarfe biyar da rabi. Ranar Litinin da ƙarfe shida Tina ta shirya, ta ajiye ƙaramin akwatin tawada a kan tabarma a ƙofar ɗakin mahaifiyarta, ta yi sallama. Inna Maimuna ta amsa daga ciki, ta ce tana zuwa. Motar bakwai ta tashi ba Tina. Akwai wata ƙarfe goma sha ɗaya, in ta cika. Har ƙarfe goma ba yatsa a kan ko ɗaya daga cikin takardun.